Faɗuwar Ɗan Juyin Juya Hali a Littafin Darkness at Noon na Arthur Koestler: Nazari Daga Mahangar Siyasar Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙagaggen labarin Darkness at Noon na Arthur Koestler, wanda aka buga a Landan a 1940, ta kuma auna shi da tarihin siyasar neman sauyi a birnin Kano. Tambayar da aka gina littafin a kanta ita ce: me zai sa gogaggen ɗan juyin juya hali ya tsaya gaban kotu ya amsa laifin da bai aikata ba, ya miƙa wuyansa ga jam'iyyar da shi ya taya kafawa? An karanta matanin cikin zamaninsa, sannan aka kwatanta shi da zamuna uku na tarihin Kano: zaman Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a birnin a farkon jihadi, gwagwarmayar NEPU da En'e, da rabuwar PRP a Jamhuriya ta Biyu. Binciken ya gano cewa abin da ya kayar da tauraron littafin shi ne rashin wata hukuma da zuciyarsa ta ɗora sama da jam'iyya. Ɗan siyasar Kano, duk wuyar da ya sha, bai rasa wannan madogara ba. Inda littafin ya taɓa Kano sosai shi ne halin da ƙananan mabiya suke shiga idan manya suka sauya dabara.

1.0 Gabatarwa

Mai karatun Hausa ya san labarin juyin juya halin da ya juya kan waɗanda suka kawo shi ta hanyar Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell, wadda aka buga a Ibadan a 1975. Ɗalibai da yawa sun san yadda Maitumbi ya sa karnuka suka kori Ɗantulu, da yadda aka sayar da Akawal bayan ƙarfinsa ya ƙare. Akwai wurin da dabbobi suke fitowa suna amsa laifin haɗa baki da maƙiyi, karnuka suna yayyaga su nan take. Sai dai Orwell daga bakin gandu ya tsaya yana kallo. Mai karatu ba ya shiga zuciyar ko ɗaya daga cikin masu amsa laifin ya ji dalilinsa. Shekara biyar kafin fitowar Animal Farm, Koestler ya riga ya shiga wannan zuciya, ya zauna cikinta tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Dalilin kawo Kano cikin maganar a fili yake. A Arewacin Nijeriya babu garin da siyasar talakawa ta yi jijiya kamar birnin Dabo, kuma manazarta irin su Sklar (1963) da Whitaker (1970) da Paden (1973) da Feinstein (1973) sun yi rubutu mai yawa a kan haka. Amma wajibi ne a yi hattara tun daga nan. Irin mulkin da Koestler ya siffanta, wanda Hannah Arendt ta yi wa dogon nazari a 1951, mulki ne na mallake komai: jam'iyya ɗaya da aƙida ɗaya da 'yan sandan ciki, gwamnati ta riƙe gona da kasuwa da jarida da makaranta, ta rufe wuraren ibada, sannan ta nemi mallakar abin da ke cikin ran mutum. Kano ta ga danniya, ta ga mulkin kama-karya, amma ba ta ga wannan ba. Kwatancin da za a yi a nan na gano bambanci ne kafin kamanci.

2.0 Marubucin da Zamaninsa

An haifi Koestler a Budafes ta ƙasar Hungari a 1905. Ɗan jarida ne, ya shiga Jam'iyyar Kwaminisanci ta Jamus a ƙarshen 1931. A 1937, lokacin yaƙin basasar Sifen, dakarun Janar Franco suka kama shi a Malaga, suka tsare shi a kurkukun Sebil kimanin wata uku yana jiran kisa, yana jin ana fitar da maƙwabtansa da dare ana harbewa. Daga can ya samo sanin ɗakin kurkuku da ya cika littafin. Ya bar jam'iyya a 1938.

Cikin abubuwan da suka raba shi da ita akwai shari'o'in Mosko. A Agustan 1936 aka gurfanar da Zinoviev da Kamenev, a Janairun 1937 aka kawo Radek da Pyatakov, a Maris na 1938 kuma Bukharin da Rykov da Yagoda. Mafi yawansu abokan gwagwarmayar Lenin ne, waɗanda suka sha ɗauri da gudun hijira a zamanin sarakunan Rasha. Sai ga su a bainar jama'a suna amsa cewa sun haɗa baki da ƙasashen waje, sun shirya zagon ƙasa da kisan shugabanni. Aka kashe mafi yawansu. Duniya ta rasa yadda za ta fassara abin.

Da Jamusanci Koestler ya rubuta littafin a Faransa, Daphne Hardy ta mayar da shi Ingilishi cikin gaggawa gab da shigar sojojin Hitler. An ɗauka rubutun asali ya ɓace, sai a 2015 wani ɗalibin bincike ya gano kwafensa a wani ɗakin karatu a Zurik, aka yi sabuwar fassarar Ingilishi a 2019. Fassarar Faransanci ta 1945 ta tayar da ƙura ƙwarai, har masanin falsafa Merleau-Ponty ya mayar da martani da littafi sukutum a 1947.

3.0 Zubi da Warwarar Jigo

An kasa littafin gida huɗu: zaman tuhuma uku, da kashi na ƙarshe inda aka yi shari'a da kisa. Ba a ambaci sunan Stalin ba, Lamba Ɗaya kawai ake ce masa. Tauraron, Nikolas Rubashov, tsohon kwamandan yaƙin basasar ƙasarsa ne kuma tsohon babban jami'in gwamnati. Da dare aka ɗauke shi aka kulle a ɗaki mai lamba 404. Kusan duk labarin a wannan ɗaki yake da ofishin masu tuhuma. Fursunoni suna magana da juna ta hanyar ƙwanƙwasa bango, harafi bayan harafi. Maƙwabcinsa na 402 tsohon hafsan sarki ne, maƙiyin juyin juya halin, wanda ya yi murna da jin an kamo shi, amma daga baya shi ne ya zama abokin hirarsa.

Gwanintar Koestler ita ce ya sa tuhuma biyu suna tafiya tare. Hukuma tana tuhumar Rubashov da shirya kashe Lamba Ɗaya, abin da bai yi ba. Zuciyarsa kuwa tana tuhumarsa da abubuwa uku da ya yi, waɗanda hukuma take ɗaukarsu a matsayin kyakkyawan aiki. Na farko Richard, saurayi ɗan jam'iyya a Jamus a 1933, wanda ya rubuta gaskiya a takardun da yake rarrabawa cewa an ci jam'iyya da yaƙi, alhali umarnin sama shi ne a ce ba a ci ta ba. Rubashov ya kore shi, ya bar shi ba mai kare shi daga 'yan sandan Nazi. Na biyu Ƙaramin Loewy, shugaban 'yan dako a wata tashar jiragen ruwa a Beljiyam. Jam'iyya ta sa su ƙaurace wa kayan wata ƙasar Turai da ta kai yaƙin mamaya Afirka, wato Italiya da ta faɗa wa Habasha a 1935. Suka bi da zuciya ɗaya. Sai Rubashov ya zo da sabon umarni: jiragen ƙasar juyin juya hali suna tafe da man fetur da za a kai wa wannan mai mamaya, a sauke musu kaya. Loewy ya ƙi, aka kore shi aka yi masa ƙazafin leƙen asiri, ya rataye kansa. Ta uku Arlova, sakatariyarsa kuma masoyiyarsa, wadda aka kama tana sa ran zai yi mata shaida, shi kuwa ya fito ya barranta da ita don ya tsira da aikinsa.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan, da hujja ɗaya Rubashov ya sallama shi: jam'iyya ce kayan aikin Tarihi, Tarihi ba ya kuskure, kyakkyawar manufa tana halatta kowace hanya, kuma mutum guda ba komai ba ne a lissafin miliyoyi. A nan tarkon yake. Da aka zo kansa, masu tuhuma ba su kawo wata sabuwar hujja ba, tasa suka miƙo masa.

Mai tuhuma na farko, Ivanov, tsohon abokin yaƙinsa ne, wanda ya rasa ƙafa a fagen fama. Yana zuwa masa da taba da barasa da muhawara, yana nuna masa cewa tausayi da nadama kayan marmari ne da ɗan juyin juya hali ba shi da ikon saye. Kafin a je ko'ina shi ma Ivanov aka harbe shi, Gletkin ya karɓi aikin. Gletkin ɗan ƙauye ne da juyin juya halin ya raina, bai san duniyar da ta gabata ba, ba shi da tsohuwar abota da kowa. Makamansa fitila mai kashe ido da hana barci. Yakan ɗauki wata magana da Rubashov ya taɓa yi cikin hira, ya ja ta zuwa iyakarta: wanda ya yi tunanin shugaba ya ɓata, ya kamata a ce ya so a kawar da shi, wanda ya so haka kuwa daidai yake da wanda ya shirya. A ƙarshe ya roƙe shi hidima ta ƙarshe ga jam'iyya. Yaƙi na tafe, talakawa ba sa gane muhawara mai zurfi, dole a nuna musu adawa a matsayin cin amana tsagwaronta. Rubashov ya sa hannu.

A ganin wannan nazari, kashi na ƙarshe ya fi kowane ƙarfi. Mai karatu ba ya shiga kotu. 'Yar wani tsohon mai gadi ce take karanta wa mahaifinta rahoton shari'ar daga jarida, shi kuwa tsohon, wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin Rubashov, yana kwance ya juya wa ɗakin baya yana tuna ayoyin Linjila a ransa, yana tsoron 'yarsa ta kai ƙararsa. Talakan da bai yi karatu ba yana da ma'aunin da masanin ya jefar. Shi kansa Rubashov ya fara jin muryar wannan ma'auni, wato muryar "ni" da jam'iyya ta koya masa cewa ƙagen nahawu ce kawai, amma ya ji ta a makare.

Akwai suka mai nauyi da aka yi wa littafin. Jawabin Khrushchev na 1956 da takardun da aka buɗe daga baya sun nuna cewa duka da azabtarwa suka fitar da yawancin amsa laifin nan, tare da barazana ga iyali. Saboda haka kuskure ne a ɗauki Rubashov a matsayin bayanin duk abin da ya faru a Mosko. Darajarsa ita ce ya nuna iyakar inda aƙida take kai mai ita idan babu abin da ke bisanta.

4.0 Kano da Masu Neman Sauyi

4.1 Malam Abdullahi a Kano

Ɗan gwagwarmayar da ya ga tafiyarsa ta kauce hanya ba baƙo ba ne a birnin Kano. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojin jihadin 1804, ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa ya ga jama'a sun karkata ga neman mulki da dukiya da ƙawa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar hajji. Ya iso Kano wajajen 1806 zuwa 1807, mutanen garin suka tsayar da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. Abin lura shi ne abin da ɓacin ransa ya haifar. Bai ce tunda jama'ar Shehu ce ta yi, daidai ne ba. Ya ɗauko littafin da jama'ar ta yi alƙawarin bi, ya auna ta da shi, ya ga ta gaza, ya rubuta. Wannan ƙofa ce Rubashov ya toshe wa kansa.

4.2 NEPU da En'e

A ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maiƙwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a Sudawa a 1920 ya kuma yi makarantar Shahuci, ya bar aikin koyarwa a wannan shekara, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Ƙarfinta yana wurin teloli da mahauta da 'yan koli da masu sana'ar hannu da ƙananan malamai na unguwanni.

A lokacin En'e ce ke riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari, ga kuma kotun sarki. Mai ƙara da mai kamu da mai hukunci duk gida ɗaya suke. An ɗaure 'yan NEPU kan yin taro ba izini da cin mutuncin sarakuna, an yi wa wasu bulala, ga 'yan Mahaukata da suka bayyana a 1953 suna far musu a titi. Haka aka tafi har zuwa ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Duk da haka ɗan NEPU da ke gidan yarin Kurmawa ya fi Rubashov sa'a nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗaure shi abokin hamayya ne, ba uban gidansa na aƙida ba, don haka ɗaurin ba ya rushe masa komai a zuci. Yakan fito a tare shi da kirarin Sawaba, zaman kurkuku ya zama masa lambar girma. Sannan hujjarsa ba daga jam'iyya take farawa ba. Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Yusufu muhuti ne a kotun alƙali, kuma da littattafan Shehu da na Abdullahi yake ƙalubalantar masu cewa su ne magadan Shehu. Kitabul Farƙi na Shehu ya lissafa zaluncin haraji da jangali cikin ayyukan da aka yi jihadi don kawarwa. Mai sarauta da talaka littafi ɗaya suke ja, kowa yana cewa ɗayan ne ya saɓa masa. Muddin akwai wannan littafi a tsakani, ba wanda zai iya cewa shi ne Tarihi.

4.3 Santsi da Taɓo

Jarrabawar da ta fi kusa da ta littafin ta zo ne bayan samun mulki. A 1979 PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, burin da aka sha bulala dominsa shekara kusan talatin. Ba a yi nisa ba gida ya tsage. Gwamnonin biyu suna halartar taron gwamnoni tara tare da na UPN da GNPP, shugabancin jam'iyya ya hana, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. Ɓangarensu, Santsi, ya ɗora Michael Imoudu a shugabanci, ɓangaren Malam Aminu kuma, Taɓo, shi hukumar zaɓe ta amince da shi.

Kalaman da aka yi amfani da su sun yi kama da na littafin. Wannan gefe yana maganar ɗa'a ga jam'iyya da bin umarnin shugabanci, wancan yana zargin an karkata ga NPN mai mulkin tarayya an sayar da talakawa. Kowa yana kiran ɗan'uwansa maci amana. Akwai ma ɗan kamancin rikicin tsara, sai dai a juye: a wurin Koestler tsofaffi ne masana aƙida, sabon jini kuma bai san komai ba sai umarni, a Kano kuwa da yawa daga masu zurfin nazarin gurguzu matasan jami'a ne da suka bi gwamnoni, yawancin masu tabon bulalar En'e kuma suka tsaya tare da Malam, ko da yake rabuwar ba ta bi layin shekaru sak ba.

Amma nan kamancin ya tsaya. Ba wanda aka sa ya tsaya gaban jama'a ya ƙaryata kansa. Wanda aka kora ya tafi kotu, ya hau mumbarin siyasa, ya nemi mawaƙa da jarida. Faɗuwar da aka gani daga waje ta zo. Majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a ranar 23 ga Yuni 1981. A ranar 10 ga Yuli na shekarar, bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarki Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu a ranar 17 ga Afrilu 1983 ba a ɗinke ɓarakar ba. Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a zaɓen Agusta, bayan juyin mulkin 31 ga Disamba kuma soja suka kwashe su duka biyun.

5.0 Inda Littafin Ya Taɓa Kano

Idan aka nemi Rubashov na ɗaki 404 a tarihin Kano, ba za a same shi ba. Jam'iyyar neman sauyi ba ta taɓa riƙe bindiga da kurkuku da kotu a hannu ɗaya ba, kuma masallaci da zauren malam da kasuwar Kurmi da zumuncin unguwa sun ci gaba da rayuwarsu ba da izininta ba. Wanda jam'iyya ta kora yana da inda zai koma a ɗauke shi mutum.

Wanda za a nema shi ne Rubashov na farko, mai zuwa da sabon umarni daga sama, da kuma Loewy da ake kawo wa umarnin. Manyan Santsi da Taɓo sun yi ta haɗuwa a jam'iyyu daban-daban a shekarun da suka biyo baya, wasu har suka yi aiki da gwamnatocin soja. Telan da ya daina gaisawa da maƙwabcinsa saboda su, da saurayin da aka sara a faɗan 'yan banga, ba a tuntuɓe su ba lokacin da aka ɓata, ba a kuma tuntuɓe su ba lokacin da aka shirya. Haka abin yake maimaituwa duk lokacin da wani jagora ya sauya sheƙa ya ce mabiya su biyo shi, abin da ya haramta jiya ya halatta yau. Koestler ya ba waɗannan mutane suna da fuska, ya sa su suka zama masu tuhuma na gaskiya a littafinsa. Rubuce-rubucen tarihin siyasar Kano kuwa sun fi yawa a kan shugabanni.

Don haka akwai aiki biyu a gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya da na tarihi. Na farko a mayar da Darkness at Noon Hausa bisa rubutun asali da aka gano, a riƙa karantar da shi tare da Gandun Dabbobi da ƙagaggun labaran siyasa na gida irin su Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina. Na biyu ya fi gaggawa. Cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero da ke Gidan Mambayya a Gwammaja ta tura ɗalibai cikin unguwannin birni su naɗi bayanan ƙananan 'yan NEPU da PRP da suka rage, maza da mata, tun suna da rai.